Man Shanu a Gudumar Halliru

Shekara talatin da takwas Halliru ya yi yana bugun kaya a wata rumfa bayan kasuwar Kazaure. Kawo masa shadda a yamutse, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa ta kan gungume, ya yi ta kirɓa da gudumar icce har sai ta ɗauki ido. Masu guga kuwa ba ya ganinsu da gashi, cewa yake ƙona kaya kawai suka iya.

Da gudumar da ya gada ta tsage, sai Daudu masassaƙi na Gwiwa ya sassaƙo masa sabuwa ta ƙirya, ya ce a shafa mata mai kada rani ya fasa ta. Wane mai, bai faɗa ba. Halliru dai murna kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. Ya naɗe ta a tsohon rawani, duk wanda ya gaisa da shi sai ya kwance ya nuna masa, ya nemi shawara. Matarsa Dela ta ce man gyaɗa, ya ce ɓera zai gayyato. 'Yan acaɓa suka ce baƙin mai, ya ce su riƙe abinsu.

Ana cikin haka 'yarsa Rahamatu ta haihu a wata ruga kusa da Roni. Uban mijinta, Malam Muhammadu Lawal, ya aiko da farar babbar rigarsa a buga masa ta suna, haɗe da kwalbar man shanu, ba saƙon komai. Tsakanin surukan nan biyu akwai kunya mai nauyi, gaisuwa ma kai a sunkuye suke yinta. Halliru ya juya kwalba, ya yanke wa kansa hukunci: labarin guduma ya kai ruga, dattijo ya aiko da amsa. Wa zai tsallake zaɓin suruki?

Ya shafe guduma tas, har fuskar da ke taɓa tufa, ya shanya ta kwana biyu tana sheƙi. Ran jajibirin suna ya shimfiɗa riga, ya yi bisimilla, ya sauke bugu ɗaya. Da ya ɗaga, ga tambarin maiƙo faɗin faifai a ƙirjin riga. Rigar suruki ce, gobe suna, kuma shi ne mai zagin masu guga.

Ya ƙura wa tabon ido. Can sai dariya ta kama shi, irin ta wanda abu ya fi ƙarfinsa. Tunda tabo ɗaya ne abin kunya, to bari rigar ta zama tabo gaba ɗaya. Ya ƙara wa guduma mai, ya bi rigar taku-taku, gaba da baya, har ta koma ruwan madara tana walƙiya.

Washegari ya kai ta ruga, Malam Muhammadu Lawal ya fito cikinta, mutane suna ta yaba bugu, ƙudaje suna yi masa rakiya. Halliru ya raɓe a gefen tabarma yana gumi. Da aka shafa fatiha, dattijon ya matso, ya shinshina hannun rigarsa, idonsa a ƙasa.

"Malam Halliru, man nan na tuwo ne, Dela aka aiko wa."

Halliru ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Malam. Nauyin tambaya na ji."

Kafaɗun dattijo suka fara rawa. Ya danne, ya kasa, dariya ta ƙwace masa har da hawaye, Halliru ma ya biye masa. Shekara uku da haɗa zuri'a, ran nan suka fara kallon juna ido cikin ido.

Dattijo ya goge ido da hannun riga, ya ce, "Matso mu ci tuwon. In mai ya yi kaɗan, ga riga."