Ruwan Saman Iya Labake

Shekara ashirin da shida Iya Labake ta yi tana wanke kwalabe a wani ɗakin bincike a Ibadan, kuma ko murfi ba ta taɓa fasawa ba. Kafin nan ogi take sayarwa, wato kamu, shi ya sa har yau ba ta ganin ruwa a mazubi ba ta leƙa ƙasansa ba. Ga faɗa kamar me! Manyan farfesoshi ma sai sun goge ƙafa kafin su taka inda ta share.

Da ƙanwarta Mojirola ta rasu da ciwon daji na nono, ita da kanta ta roƙi a mayar da ita ɗakin Dakta Oyerinde, saboda ta ji a nan ake neman maganin wannan cuta. Ba ta karanta komai ba, amma ta ce ko kwalba ce ta wanke, ta sa hannu. Wannan ɗakin shi ne abin da ta fi tsoron rasawa a duniya.

Shi Dakta Oyerinde sa'an ɗanta ne, siriri, kullum tabarau na zamewa a hancinsa. Wata bakwai yana fama da garin wani ƙarfe da ake kira siriyam, yana mai da shi ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, yana sa wa kowace ƙwaya riga ta wani abu mai danƙo, don a gwada su a kan ƙwayoyin cutar.

"Riga?" in ji Iya Labake. "Dakta, abin da ba a gani shi ake ɗinka wa riga? Kai ga taka nan duk ta yamutse."

"Mama, sai da rigar jiki ke karɓar su."

"To Allah ya ba da sa'a. Ka ci abinci dai."

Ranar wata Laraba ya tafi taro, ya bar kwalabe goma sha biyu a jere. Iya Labake ta leƙa. Ruwa garau mai ɗan rawaya a sama, a ƙasa ɗan farin abu ya kwanta. Ai sai zuciyarta ta yi fari. Kamu ne sak! Yaro ya yi wahala har abu ya kwanta, saura tsiyayewa kawai. Ta naɗe hannun riga, ta tsiyaye su ɗaya bayan ɗaya, da hannun da bai taɓa rawa ba.

Da ya dawo ta tare shi tun daga ƙofa, har da 'yar rawa.

"Ɗana, na rage maka aiki. Ga gasararka nan tsab."

Dakta ya dubi kwalaben. Tabarau ya zame, bai ko tare shi ba. Ya nemi kujera ya zauna a hankali.

"Mama... ina ruwan?"

"Ruwan me? Ga abin nan a ƙasa."

"Mama, na ƙasan shi ne wanda rigarsa ba ta zauna ba. Shara ce. Masu kyan ba sa kwanciya, suna cikin ruwan. Ruwan shi ne aikin. Wata bakwai!"

Wayyo. Matar da farfesa ke gaisarwa da hula a hannu, sai ga ta za ta durƙusa wa sa'an ɗanta. Shi kuma ya yi wuf ya kwanta rub da ciki, don ba a yi uwa ta durƙusa masa yana tsaye ba. Haka suka kasance a ƙasa, kowa na cewa ɗan'uwansa ya tashi.

Daga nan ƙasan ya ce, "A wace kwata kika zubar?"

Ta ɗago kai, ta harare shi.

"Zubar? Ni? A gidanku zubar da ruwan tsami ake yi? Da me ake jiƙa saiwoyi in zazzaɓi ya zo? Wace irin tarbiyya aka yi maka?"

Ta tashi ta buɗe kabad ɗinta. Ga kwalabe goma sha biyu, wankin hannunta, a toshe, kowane ruwa a tasa kwalbar, ta kwafi lambar da ke jikin ta asalin da irin rubutunta mai kama da tafiyar kaza.

Kwana biyu ana gwaji, kwana biyu Iya Labake ba ta yi wa kowa faɗa ba, har mutane suka fara tambaya ko lafiya. Ran na uku Dakta ya fito yana dariya, ya ce ko ɗigon datti babu, ƙwayoyin suna nan da rigunansu.

"Da ma," ta ce. "Ni na wanke."

Sai da ya juya ta kamo hannun rigarsa, ta yi ƙasa da murya.

"Wannan ruwan, da ya zo da wuri, da ya yi wa Mojirola?"

Ya juyo ya dube ta.

"Ban sani ba, Mama. Har yanzu nema muke. Da saura sosai."

Ta gyaɗa kai, ta share ido da bakin zane, ta jawo bahon wanki gabanta.

"To me kake tsaye yi? Kawo kwalaben."