Dabo da Rijiyar da Aka Rufe da Ƙaya

Shekara talatin da biyu Dabo yana yasar rijiya a ƙauyukan Minjibir, bai taɓa fitowa da ko ƙwarzane ba. Gajere ne, ga faɗin ƙirji, ga baki. In bazara ta yi, ruwa ya ja baya, shi ake ɗaura wa igiya a ƙugu a zura, ya kwaso laka da tsofaffin gugunan jama'a.

Bara, yana ƙasan rijiyar unguwarsu, ya ɗaga kai zai ce a ja bokiti, sai bakin rijiyar ya kama juyawa kamar faifai. Da ƙyar aka jawo shi, yana amai, idanunsa na rawa.

Kafin la'asar masana na bakin masallaci sun yanke hukunci: aljanun rijiya sun gaji da shi. Aka rufe ta da ƙaya, mata suka koma ɗibar ruwa a ƙauyen gaba. Wannan ya fi ciwon ƙona masa rai, don kakansa ne ya haƙa ta. An yi hayaƙi, an sha jiƙo, jiri na nan daram.

Rannan ya ce da 'yarsa Aishatu, “In na rijiya ne, me ya kawo su shimfiɗata? Ɓangaren dama kawai zan juya, ɗakin ya kife.”

Ita ta kai shi asibiti. Likita ya zaunar da shi a gado, ya karkata masa kai dama, ya kwantar da shi da sauri yana kallon ƙwayar idonsa.

“Baba, can cikin kunnen kowa akwai wasu ƙwayoyi ƙanana kamar yashi. Naka ne suka goce daga mazauninsu.”

Ya riƙa juya masa kai daki-daki, yana dakatawa, har ya tayar da shi zaune. Zuwa biyu suka yi jiri ya ɗauke, ko allura ba a yi masa ba.

Da ya cika hutun da aka ba shi, da hannunsa ya janye ƙayar. Mutum uku kacal suka yarda su riƙe igiya, sauran suka tsaya nesa suna salati. Ya kai ƙasa, ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallon sama don kowa ya shaida. Sannan muryarsa ta taso:

“Ku ce wa mata su kawo tulunansu!”