Furannin da Suka Fito Ina Cikin Takaba

Shekarun baya, farkon shekarun tamanin ke nan, muna zaune a Madina, mijina yana aikin lambun dabino a unguwar Awali. Mai lambun ya ba mu ɗaki ɗaya da 'yar tsakar gida a jikin katanga. Ƙasar wurin gishiri ce, duk abin da na shuka sai ya ƙi. Ni kuwa na dame shi da kwaɗayin miyar yakuwa.

Wata rana aka aike shi da abokan aikinsa garin Khaibar da motar lambu. Da ya dawo sai ga shi yana shigo da buhuna yana nishi. Na kwance ɗaya da murnata, na tarar ƙasa ce. Ashe a wani kwari ya roƙi direba ya tsaya ya ɗebo.

Na ce, "Kowa ya je Khaibar dabino yake kawo wa matarsa, ni turɓaya ce tsarabata."

Ya ce, "Yi dariyarki. Ranar da kika sha miya ma yi magana."

Ya baje ta a gindin katanga, ƙarƙashin igiyar shanyata, ya ce sai sanyi ya sassauta zai yi shuka. Bai kai ba. Ciwon ƙirji ya kama shi cikin sanyin nan, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. A can aka rufe shi. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan a kan wannan.

Na shiga takaba. Wata dattijuwa mutuniyar Maraɗi, maƙwabciyarmu, ta dawo tana kwana da ni. Inna nake ce mata. Ita ke matsa mini in ci abinci, ita kuma ke lura da abin da ya halatta gare ni da wanda bai halatta ba. Ni dai in ba alwala ba, ba na fita daga ɗaki.

Ana nan aka yi ruwan sama, irin wanda ba a cika samu a garin ba. Bayan 'yan kwanaki na fito da buta, sai na ga ƙasar nan ta yi kore shar.  Na ɗauka mijina ya riga ya zuba irin yakuwar bai gaya mini ba. Na shiga ba ta ruwa safe da yamma, har ina korar kajin mai lambu.

Inna ta tsuguna ta duba, ta ce, "'Yar nan, ke 'yar manoma ce kuwa? Ina kika taɓa ganin yakuwa da wannan ganye? Ciyawa kike wa bauta."

Na ji kunya, amma ban daina ban ruwan ba. Can sai ga furanni. Waɗansu farare ƙanana masu rawayan ciki, waɗansu shuɗi-shuɗi a kan siririn kara. Irinsu yana cikin ƙasar kwarin tun da can, ruwa kawai yake jira. Masu shuɗin nan ƙamshi gare su, da sassafe har cikin ɗaki. Na fara shimfiɗa tabarma a wajen ina lazimi. Ban san na daina zaman ɗaki ba sai daga baya.

Ranar nan Inna tana ninke mini wanki, ta kai zanena hanci, ta tsaya.

"Turare kika sa?"

"Ni? Wallahi a'a, Inna."

Ta dubi igiya, ta dubi furannin da ke goge bakin zannuwa. Ta ce, "Mai takaba ba ta ƙamshi. Kada ki ɓata wa bawan Allah nan haƙƙinsa saboda ciyawa. A nome su, shi ke nan."

Ba don mugunta ta faɗa ba, tsoro take ji mini. Ni ma tsoron ya kama ni. Ta aro fartanya a lambu ta miƙo mini. Na tsaya a kan wurin, na ga har yanzu akwai shatin da marigayin ya ja da hannunsa a gefen ƙasar don kada ruwa ya zurare. Hannuna ya ƙi ɗaguwa. Na ce ta yi mini haƙuri zuwa Juma'a, ƙanin mijina zai zo, mu tambaye shi.

Shi ɗalibi ne a jami'ar garin. Da can ba ma haɗuwa bai tsokane ni ba, amma tun rasuwar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya tsaya daga bakin ƙofa, Inna ta zayyana masa komai. Ya leƙo, ya ce Larabawa khuzama suke kiran mai shuɗin. Na ji yana jan hanci. Sannan ya ce, "Matar Yaya, shafawa kike yi?"

"A'a."

"Kina tsinka ki sa a cikin kaya?"

"A'a."

"To Inna, abin da aka hana shi ne ta sa wa jikinta ko tufafinta. Ba a ce ta toshe hanci ba. Igiya ce mai laifi, ita za a tayar." Ya ɗan dakata, ya ƙara da cewa, "Ka ji Yaya, ko da ya tashi yi wa mata kyautar fure, sai da ya kawo shi a buhu."

Dariya ta kuɓuce mini, kuka ya biyo ta. Ban taɓa yin ko ɗaya a gaban mutane ba tun ranar rasuwar.

Inna da kanta ta kwance igiyar ta mayar da ita ɗaya ɓangaren, tana mita wai malaman yanzu komai sauƙi ne a wurinsu. Washegari na gan ta da reshe ɗaya a soke jikin kallabi. Ta harare ni ta ce, "Ai ni ba takaba nake ba."

Furannin ba su kai ƙarshen takabata ba, zafi na shigowa suka bushe. Da na fita, na dawo gida Najeriya.

Inna da ƙanin mijin nawa dukansu sun riga mu gidan gaskiya yanzu, kuma ba na raba su a addu'a. Ita ta tsare mini addinina iyakar saninta, shi ya bar mini abin da ke fitar da ni rana a lokacin da nake buƙata. Na gode wa Allah da ya sa na jira Juma'ar nan.

Ban san wanda ya shiga ɗakin a bayana ba. Fatana dai, in an yi ruwa, Allah ya sa ba mai saurin ɗaukar fartanya ba ne.