Tiren Zuliha a Cikin Injin Alkasum

Shekara goma sha ɗaya shagona na ɗinki yana manne da rumfar Alkasum makanike a unguwar Kara-Kara ta Damagaram, kuma rabin kurumtar da nake fama da ita yau shi ya jawo mini. Jikan maƙera ne, siriri, ba ya son surutu, amma ba ya iya ganin abu a rufe ya bar shi. Har kekena na ɗinki ya taɓa kwancewa ina masallaci, wai yana son ya ga abin da ke ɗaga allura.

A shekarar tamanin da huɗu, da damina ta ƙi, Alkasum ya samo wani tsohon babur na zamanin Nasara a bayan gidan wani tsohon soja. Kaji ma sun yi ƙwai a kansa. Mutane na zancen tsadar hatsi, shi kuwa tambayarsa ɗaya ce: wannan tsoho, in an gyara masa ciki, gudu nawa zai yi? Agogon gudun babur ɗin ya ƙare a ɗari da ashirin, kuma ya rantse sai ya ga allurar ta taɓa can. Kowace Lahadi samari na tsere a hanyar Takieta, wani Suma'ila yana cinye su duka, Alkasum kuma ya sa shi a gaba.

Na yi ta jin haushinsa, amma ban iya daina leƙe ba. Ya cire murfin kan injin, wanda suke kira kilas, ya kifa shi kan gilashin taga, ya barbaɗa rairayi mai laushi da ɗan mai, ya dinga murzawa yana zagayawa kamar mai niƙan yaji. Kwana tara yana wannan.

Na ce, "Alkasum, ƙarfen kake ragewa, ta ina ƙarfi zai ƙaru?"

Ya ce, "Malam Habu, in ɗaki ya matse, wuta ta fi zafi. Isans ɗin, wato fetur, zai fashe da fushi."

Ya faɗaɗa hanyar iska da magagari, ya datse bututun hayaƙi. Ranar da ya tayar da shi, akuyar maƙwabta ta tsinke igiya, ni kuma na soke yatsana da allura. Aka sa tsere Lahadi mai zuwa.

Ranar Alhamis sai ga yayansa Nomau daga Gidimuni. Na san shi ƙato, amma ran nan riga ce kawai ke tafiya. Ya zauna a bencina, don haka na ji komai. Gero bai yi ba, shanun sun mutu. Ya kafa garka a bakin tafki, ya dasa alkama da kabewa da albasa, amma ruwa yana ta ja da baya, guga ba ya isa, hannuwansu sun gaza. An ba ƙungiyarsu ta manoma kan famfo da tiyo, babu injin da zai juya shi.

Ya ce, "Baki goma sha huɗu gare ni, Alkasum. In shukar nan ta bushe, sai mu ɗaure kaya mu yi kudu. Inna kuwa ba za ta kai ba, ka sani."

Alkasum ya dubi babur ɗin. Ya ce, "Yaya, ka bar ni zuwa Lahadi."

"Shukar ba za ta kai Lahadi ba."

Da asuba suka ɗora babur a motar kasuwa. Ni ma na rufe shago na bi su, don wallahi ina son in ga yadda abin tsere zai yi ban ruwa.

Da muka isa, Alkasum ya cire ƙafar baya ta babur, ya haɗa sarƙa da famfo, ruwa ya yi tsalle daga tiyo, mata suka rangaɗa guɗa. Ba a gama guɗar ba injin ya fara ƙara kamar ana buga kwano, ya yi wari, ya tsaya cak. Abin da duk muka manta shi ne, babur iskar gudu ke sanyaya shi, ga shi a tsaye wuri ɗaya, ga ɗakin wutar da aka matse. Matan Nomau suka kewaye shi da faya-fayai suna masa fifita kamar mai jego. Na yi dariya har na ji kunya, don babu wanda ya taya ni.

Alkasum ya yanko kwano ya yi masa farfela. Injin ya ɗan jima yana aiki, ya sake mutuwa. Alkasum ya zauna a ƙasa ya ce, "Ƙarfen da na cinye da rairayi, shi nake nema." Sai an sa wani abu mai kauri tsakanin murfi da jikin inji don ɗakin ya buɗe, kuma sai jan ƙarfe, don shi ke jure wuta ya kuma kwanta lif.

Ya koma Damagaram ya zaga kasuwa, bai samu mai faɗi ba. Matarsa Zuliha tana da tiren jan ƙarfe mai zanen furanni, na mahaifiyarta. Ta sayar da tasoshinta duka a yunwar nan, shi kaɗai ta hana. Bai roƙe ta ba, ya dai tsaya yana kallon bango inda yake rataye. Ita ta sauke shi da kanta, ta ce, "Malam, ka yanka a waje, kar in ji."

Ranar Lahadi, lokacin da Suma'ila ke jiran abokin tsere a hanyar Takieta, injin yana bakin tafki yana tafiya a hankali, tuk-tuk-tuk, ruwa na bin hanyoyinsa cikin garka. Nomau bai yi kudu ba. Innarsu ta ci tuwon alkamar, ta ƙara shekara shida a ɗakinta.

Bayan damina uku masu kyau aka dawo wa Alkasum da babur. Na ce to, yanzu sai a zare tiren a ga ƙarshen zance, don ni kaina tambayar ta hana ni sakat. Ya goge agogon da hannun riga, ya ce, "Ina jin zai kai ɗari da ashirin. Ko kuwa ɗari da goma? Kai me ka gani?"

Na ce, "Ni tela ne! Ka hau mu gani mana."

Ya ɗaga kai ya dubi gabas. Watan bakwai ne, sama fes.

Ya ce, "Bari dai mu ga daminar bana."

Haka ya ce mini kowace shekara har ya rasu. Da 'ya'yansa suka buɗe injin, furen Zuliha ɗaya yana nan a gefen jan ƙarfen, wuta ba ta ci shi ba.