Ranar da Na Zare Kan Batir

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran kafireto a wani lungu bayan Mile 3, ban taɓa neman na'ura ta gaya mini ciwon inji ba. Kunne nake sawa. Mota na yin tari na san ko mai ne ya yi mata yawa ko iska ce ta gaza. Da wannan kunnen na aurar da 'ya'ya huɗu a Fatakwal, garin da na shigo da niyyar yin shekara biyu.

Motar da na fi sani a duniya ta Alhaji ce, wani dillalin shanu a Trans-Amadi, ɗan garinmu. Tsohuwa ce doguwa, ruwan toka, ta girmi babban ɗansa. Tana da bulowa, abin da ke cusa wa inji iska da ƙarfi, shi ya sa in ta taso daga mayanka kowa ya san kukanta. Ba mai buɗe bonet ɗinta sai ni. Kullum Alhaji na cewa a cikinta zai koma gida, ni zan tuƙa, mu biyu mu huta da ruwan saman garin nan. Nakan yi dariya, amma na riƙe maganar a rai.

Da ciwo ya kwantar da shi, zancen ya tashi daga wasa. Likita ya ce a kai shi gida ya huta, kowa kuma ya gane me ake nufi. Jirgi dai Alhaji ya ce ko gawarsa ba ta shiga. Motar haya kuwa, ya ce shi ba buhun albasa ba ne, tasa yake so. Ana cikin haka kafireton ya tsage, mai na tsiyaya kan inji mai zafi. Na yi kwana biyu ina zaga Anacha, ban samu irinsa ba.

Sai ɗansa ya kawo shawarar a cire kafireton gaba ɗaya a sa injekta, mai 'yar ƙwaƙwalwa da ke auna mai da iska da kanta. Ya ɗauko wani injiniya daga Inugu, ya zo da kwamfuta a jaka. Kwana uku ina tsaye a garejina ina miƙa masa sifana. Ya yanke mazaunin kafireton, ya huda, ya ja wayoyi kamar saƙar gizo. Haushi ya sa na wurga tsohon kafireton cikin kurar 'yan gwangwan da hannuna. Da aka tayar, injin ya ɗauka bugu ɗaya, sumul, ko tari babu. Abin ya yi kyau, kuma kyan nan ya fi komai ɓata mini rai.

Da injiniyan zai tafi ya juyo ya ce, "Oga, abeg, if engine dey run, no touch battery."

Wato kada in taɓa batir inji na aiki. Na ji shi sarai. Na ce masa tun ba a yaye shi ba nake wannan aiki.

An sa tafiya ranar Alhamis. Laraba bayan la'asar na tayar da ita don dubawar ƙarshe, sai na ga fitilar caji ta ɗan ƙyafta. Mu mutanen da, gwajinmu ɗaya ne: ka zare kan batir inji na aiki, in bai mutu ba caji lafiya lau. Na yi haka sau ba adadi. Wallahi ban yi shawara ba, hannu ne ya riga tunani. Na zare, na ɗan ba ta wuta, ta yi shiru. Wani warin ƙuna siriri ya taso daga ƙasan sitiyari. Na mayar da kan, na murɗa makulli har batir ya gaji. Sabo turken wawa.

Na kira injiniyan. Ya ce ƙwaƙwalwar ta ƙone, sai an turo wata daga waje, wata ɗaya ko fiye. Na ruga wajen 'yan gwangwan cikin ruwa, suka ce tirela ta kwashe kayan tun shekaranjiya. Ko na samo shi ma, ina zan ɗaura shi? An yanke wurin. Gaba babu, baya babu.

Na tarar da Alhaji a kishingiɗe, an haɗa jakarsa, sabuwar hularsa na kan filo. Ban ɓoye masa komai ba. Na roƙe shi ya bari a kai shi a motar ɗansa, ni zan tuƙa. Ya daɗe yana kallona, bai yi faɗa ba, ni kuwa da faɗan ya yi da na fi samun sauƙi.

"Malam, je ka gyara ta," ya ce. "Ina jiranka."

Ya jira kwana goma sha tara. A nan muka binne shi, sai da aka kwashe ruwa daga kabarin da bokiti kafin a sa shi.

Ƙwaƙwalwar ta iso bayan sadakar arba'in. Injiniyan ya zo ya ɗaura. Ɗan Alhaji ya miƙo mini makulli, ya ce, "Baba, Alhaji ya yi wasiyya motar taka ce." Na so in ƙi, amma wa ke mayar wa mamaci kyauta?

Tana nan a bakin garejin, ta tare rabin hanya. Ba zan iya sayar da ita ba, in ta lalace ba zan iya gyara ta ba. Matata na tambayata yaushe za mu koma gida tunda ga mota ta samu. Da wace fuska zan shiga garinmu a cikinta, kujerarsa ba kowa? Duk Juma'a nakan tayar da ita don kada batir ya mutu. Sai in tsaya a gefe ina saurare, hannuwana biyu a baya.