Ni Na Ja Ƙofar

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da ɗaya, ina kuma jin na gama sanin Saudiyya. Shekara huɗu na yi a Jidda ina wankin mota, garin bakin teku inda ko a tsakiyar sanyi riga ɗaya ta ishe ka. Da kafil ɗina, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya mai da ni Riyad ko rigar sanyi ban saya ba, wanda ya ba ni shawarar ma dariya na yi masa.

Wurin aikina yana ƙarƙashin wani babban ginin kantuna a Murabba, hawa uku cikin ƙasa. Da sanyi ya kankama, sai in shiga gari bai gama wayewa ba, in fito an idar da magariba, don ƙarfe biyar rana ta faɗi. Wuni guda hannuna na cikin ruwa har ya tsage. Kwana shida a mako ba na sa rana a idona. Gajiyar da ta kama ni ba ta jiki kaɗai ba ce. Abinci ya daina yi mini daɗi, magana kaɗan sai in harzuƙa, matata ta kira daga gida ina kallon wayar har ta katse, don ban san me zan ce mata ba.

Ɗakinmu yana Jaradiya, ni da wani dattijo mutumin Damagaram, direban motar raba ruwan sha, wanda ya haura shekara ashirin a garin. Baba nake ce masa, shi kuma ya riƙa tsokanata da mutumin Jidda mai tsoron iska. Mai gidan ya hana mu kunna na'urar ɗumama ɗaki, wai tana kashe wutar gidan, don haka na bi taga da gefen AC na toshe kowace kafa da tsumma. Wata Juma'a, bayan kwana uku ana hadari da yayyafi, na sayo gawayi a bakala, wato kantin unguwa, na hura a wani tsohon kasko don mu dafa shayi mu ji ɗumi irin na gida. Baba bai so ba. Da ya ga ranar ce ta farko da fuskata ta saki, sai ya yarda, da sharaɗin ƙofa ta zauna a buɗe. Ya ce ɗakunan gida suna shan iska ta ko'ina, waɗannan kuwa kamar kwalba suke. Na gyaɗa kai, a raina ina cewa ƙorafin tsofaffi ne.

Bayan la'asar Baba ya kishingiɗa, barci ya ɗauke shi. Can sai na hango hasken rana a bangon bene, hadari ya washe. Na ɗauki tabarma zan hau saman gida. Da na waiwaya na ga iska tana bugun ƙafafunsa, ya takure cikin bargo, sai ya ba ni tausayi. Garwashin ya yi jajir, babu hayaƙi ko kaɗan, ni kuma a sanina hayaƙi ne ke cutarwa. Na ja ƙofar na rufe masa don ya ji ɗumi.

Na zauna a sama rana tana dukan bayana, wani daɗi ya ratsa ni har na yi ƙwalla. A nan na kira matata, muka daɗe muna hira. Ban sauko ba sai da aka kira magariba. Ina buɗe ƙofa kaina ya sara. Baba, wanda kiran salla bai taɓa samunsa a kwance ba, yana nan yadda na bar shi, da amai a gefen bakinsa. Na jijjiga shi bai motsa ba. Na jawo shi waje ina kiran maƙwabta.

Ya rayu. Likita ya ce iskar gawayi ce, da an ƙara jinkiri kaɗan da sai dai gawa. Amma Baban da ya fito daga asibiti ba shi ne wanda na sani ba. Magana sai a hankali, hanyoyin da ya yi shekaru yana bi suka riƙa ɓace masa, kuma babu mai riƙe direban da ke mance hanya. Kafil ɗinsa ya sallame shi. Ranar Juma'ar nan kuwa ba ya tuna komai nata. A filin jirgi ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ni da girmana na rufe ƙofa da gawayi a ɗaki. Da ba don kai ba da an binne ni a ƙasar mutane." Na ce amin.

'Yan uwana masu zuwa ƙasar nan, kada wani ya ce muku zafi kaɗai ake yi. Ku tanadi kayan sanyi, ku riƙa fita ku ga rana ko na minti goma, in zuciya ta yi nauyi ku nemi wanda za ku gaya wa. Gawayi kuma kada ya shiga ɗakin da ake kwana, ko da ba ya hayaƙi. In wanda ya riga ku zuwa ya gindaya muku sharaɗi, ku riƙe shi ko ba ku gane dalili ba. Ni shekara uku ke nan, duk Salla babbar 'yar Baba sai ta kira ta yi mini godiya, ta ce tsoho yana sa ni a addu'a. Duk shekara ina niyyar gaya mata gaskiya, duk shekara sai in ji na ce mata ba komai.