Kapiten Ya Tambaye Mu Ruwan Sama

Har gobe ban manta da safiyar da motar soja ta tsaya a ƙofar ɗakin gwajinmu ba. Shekarar babban farin nan ce, zamanin mulkin soja, lokacin da kogi ya janye har mutane na ƙetare shi da ƙafa. Daga unguwar Banifandu nake taho da kekena kullum, ina ratsa bukkokin mutanen arewa da yunwa ta koro Yamai. Ku yaran yanzu kun tarar da injuna masu rubuta sakamako da kansu. Mu gilashi ne, da famfon zuƙe iska, da haƙuri.

Ni teknisiyan ne a sashen kimiyya, wato mai haɗa kayan gwaji da wanke su da lura da su. Maigidana Doktor Isufu ne, mutumin Tawa, siriri, marar yawan magana. Ya yi karatu a Faransa, ya dawo da tsofaffin kayan da malaminsa ya bar masa.

Ga aikinmu a taƙaice. Can sama, nesa da inda girgije ke tsayawa, akwai wata iska mai suna ozon da ke tare mana mugun hasken rana. Iskar da ake ɗura wa firigo, wato firiji, in ta tsere ta hau can, tana sakin wani sinadari mai suna kulor, shi kuma ya haɗu da oksijen su zama abin da ke cin ozon. Akwai kuma wani ɓarɓashin iska da ake kira peroksi, marar daɗewa. In biyun nan suka gamu sai su sauya juna. Doktor so yake ya san da wane sauri. Sai mu tura su cikin dogon tiyo na gilashi, mu sanyaya shi da ƙanƙara da gishiri, mu haska fitila ta ciki, mu zuba wa allurar ma'auni ido tana sauka. Ƙanƙarar wajen masu kifi nake samo ta, ina gudu da ita cikin buhu kafin ta narke.

Wanda ya sauko daga motar kapiten ne, an ɗora masa neman ɗakuna masu kyan rufi da za a zuba hatsin agaji. Namu babba ne, ga siminti, ga ƙofar ƙarfe. Shugaban sashe ne ya rako shi, Mushe Hamani, mushe ɗin kuwa malam ke nan da Faransanci. Bazabarme ne mai son jama'arsa, ya kuma san in aka fitar da mu, aikin ya mutu.

Kapiten ya dubi tiyon, ya dubi tulunan gas, ya ce, "Me ake yi nan?"

Mushe Hamani ya riga kowa. "Mon kapiten, sama suke bincike. Aikin nan na neman ruwa ne. In aka bar su, za su gano abin da ke hana damina."

Wallahi sai na ji sanyi a raina. Na ce mun tsira. A shekarar nan, duk wanda ya ambaci ruwa ba a taɓa shi.

Kapiten ya juya ga Doktor. "Haka ne? Abin nan zai kawo ruwa?"

Doktor ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ya ce, "A'a, ranka ya daɗe. Ko ɗigo."

Mushe Hamani ya sunkuyar da kai.

Kapiten ya ce, "To amfaninsa me?"

"Rumfa ce Allah ya yi mana a sama, ana ɓarnata ta. Ina auna saurin wani ɓangare na ɓarnar. Ba zai cika wa kowa ciki bana ba. Wataƙila ya amfani jikokinmu. Wataƙila kuma wani ya riga ni."

Kapiten ya ce, "Tsohuwata na ƙauye, shanunta sun ƙare. Da ka ce e, da yau na sa ka a mota ka je ka gaya mata ranar da zai sauka." Ya gyara hularsa. "Zan karɓi ɗakin. Hatsi na hanya."

Doktor ya ce, "Karɓa. Hatsi ya fi mu gaggawa."

Mun rasa ɗakin, amma kapiten bai tafi hakanan ba. Ya zagaya ginin da kansa har ya samo mana wani lungu ƙarƙashin matakala, ya sa aka ja mana wuta. Sojojinsa ne suka ɗauki tiyon, ina gaba ina ta "Sannu-sannu, don Allah!", su kuma suna tafe kamar masu ɗauke da jariri.

A lungun nan muka yi sauran shekarar. Ƙanshin dawa na shigo mana ta ƙarƙashin ƙofa, yana gauraya da warin kulor. Ranar rabo, Doktor kan kashe famfo ya ce, "Malam Sani, allura za ta jira," mu fita mu kama wa mata ɗaukar buhu. Mushe Hamani ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarsa. Daga baya shi ne ke aiko mana da ƙanƙara daga firigon gidansa.

Sakamakon da muka samu Doktor ya aika wa malaminsa. Masu manyan injuna a ƙasashen waje sun auna abin fiye da mu, sunanmu bai fito ko'ina ba. Da na nuna ɓacin rai, sai ya yi murmushi ya ce ai ba mu yi nisa da su ba, wannan ya ishe shi. Allah ya jiƙansa.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe. Sana'ar nan ba ta da jari sai a yarda da maganarka. Allura ba ta san yunwa ba, ba ta san soja ba, abin da ta nuna shi za ka faɗa. In mai iko ya tambaye ku abin da aikinku ba zai iya ba, ku ce masa a'a da ladabi. Ɗaki ana sake samu.